Ku Kuka Sayar Mana Da Kaset Ɗin, Yau Kuma Kun Ce Shirme Ne

Zuwa ga 'yan'uwana Hausawa mazauna Kafanchan, Zonkwa, Kwoi, Kachia, Gidan Waya, Godogodo da sauran garuruwan kudancin Kaduna.  

Maganar da zan yi na san ba za ta yi wa wasu daɗi ba, har da waɗanda suka haife ni, amma dai a yi mini uzuri. Akwai wata kalma da ta zama kamar sanda a hannun manyanmu, wato "shirme". Yaro ya zauna yana zane, shirme. Ya kwance rediyo don ya ga abin da ke magana a ciki, shirme. In kuwa aka gan shi gaban kwamfuta yana koyon yadda ake haɗa gem, to nan shirmen ya kai intaha, sai mata su fara zuwa yi wa uwarsa jaje a fakaice. Ni ina cikin waɗanda ake yi wa iyayensu wannan jajen. Ɗan kasuwa ne ni, jikan ɗan kasuwa. Kakana daga ƙasar Kano ya biyo jirgin ƙasa ya sauka a garin nan, mahaifina a nan aka haife shi, ni ma haka. Karatun bokona a sakandare ya tsaya. Da rana ina shago, da dare kuma, in akwai caji, ina haɗa gem. Kuma ina so in faɗa da babbar murya cewa wannan sana'a ce kamar ɗinki ko gyaran waya, kuma raina ta da muke yi hasara ce da mu za ta fi ci, ba kowa ba.

Kafin a ce mun lalace, a tsaya a tambaya: ta ina gem ya shigo gidajenmu? Mu dai ba mu taɓa zuwa Japan ba. Iyayenmu ne suka je Anaca da Alaba da Sabon Garin Kano suka saro shi, suka jera a shago kusa da tocila da batir da rediyo. Duk wanda ya tashi a garin nan ya san wannan na'urar ta roba, mai hannu biyu da bindigar harbin agwagwa, da kaset ruwan ɗorawa wanda aka rubuta wa lamba tara jere reras kamar wasanni miliyan ne a ciki, alhali in ka ƙirga da gaske goma sha wani abu ne ake ta maimaitawa. Kwaikwayon wata na'ura ce ta kamfanin Nintendo mai suna Famicom, wadda ta fito a Japan a 1983, 'yan Taiwan da Sin suka yi ta buga irinta da araha, har ta iso mana bayan ta fita yayi a can. In kaset ya ƙi kamawa sai ka cire ka hura masa iska. In adafta ya yi zafi sai a ɗora shi kan siminti ana fifita shi. Da sallah ta ƙarato kwali-kwali ake sayarwa, kuma ban taɓa jin wani Alhaji ya ce ba zai karɓi kuɗin ba don kayan shirme ne. Sayar da abin halal ne, ribarsa ta shiga tukunya, amma yaron da ya ce yana so ya san yadda ake ƙera shi, shi ne lalatacce. Don Allah wane irin lissafi ne wannan?

Ni a kan waɗannan wasanni na tashi: Super Mario, Contra, Circus Charlie mai tsallaka zoben wuta a kan zaki, da wasan tankar yaƙi. Daga baya aka sami Sega da Mortal Kombat a gidajen gem, sannan PlayStation da ƙwallo suka zo suka share kowa. Ga macijin Nokia a wayar Baba in ya manta da ita a ɗaki. Wani abu kuma da manya ba su sani ba, don ba su shiga: gidan gem yana cikin wurare ƙalilan da ɗan Hausa da ɗan Bajju da ɗan Fantswam da ɗan Kagoro da Inyamuri suke zama a benci ɗaya, gwiwa na gugar gwiwa. Contra mutum biyu ke bugawa, kuma in abokinka ya yi nawa a baya allo ba zai matsa gaba ba, dole ka jira shi. Babu mai tambayar sunanka kafin ya miƙa maka hannun gem, abin da ake tambaya kawai shi ne, ka iya ko za ka ƙarar mana da rai? Bayan rikicin zaɓen watan Afrilun 2011, wanda a cikinsa kasuwar Kafanchan ta ƙone, gari ya rabu, kowa ya koma cikin nasa. Ina yaro lokacin, amma na ga yadda bencin nan ya rabu biyu shi ma. Wasu abokan wasan nawa sai da muka girma muka sake gaisawa.

Wasan tankar nan shi ya canza mini tunani. Asalin sunansa Battle City, na kamfanin Namco, 1985, ko da yake wanda ke cikin kaset ɗinmu gyararre ne da aka rubuta wa Tank 1990. A shafin farko, ƙasan wurin zaɓar mutum ɗaya ko mutum biyu, akwai zaɓi na uku da yawancin yara ba su kula shi. In ka shiga sai a ba ka fili fayau, a ce kai ka gina fagen yaƙin da kanka: nan bulo, nan ƙarfe, nan ruwa, nan ciyawa. Na yi ta gina unguwarmu a ciki, da lungun gidanmu da kwatar da ke bayan masallaci. Matsalar ita ce da an ɗauke wuta komai ya tafi, babu wurin adanawa. Amma abin da ya zauna mini a rai shi ne, ashe wannan duniyar da ke cikin talabijin mutum ne ya zauna ya jera ta, bulo bayan bulo, kamar yadda magini ke yi. In mutum ne ya yi, to me zai hana wani mutum ya yi?

Masu cewa shirme ne, ina so su san abin da ke cikin cikin abin da suke rainawa. Gem ba komai ba ne illa umarni da aka rubuta wa na'ura, tana maimaita shi kamar sau sittin a cikin daƙiƙa ɗaya: duba wane maɓalli aka danna, matsar da abin da ya kamata ya matsa, duba ko wani abu ya yi karo da wani, sannan ki zana hoton a allo, ki koma farko. Shi ke nan. Tsallen da Mario yake yi lissafi ne tsagwaronsa. Ana ba shi wata lamba ta tashi sama, a kowane zagaye ana rage ta kaɗan-kaɗan har ta kai sifili, daga nan ta koma jawo shi ƙasa. In ragin ya yi yawa sai ya faɗo kamar buhun siminti, in ya yi kaɗan sai ya yi ta lilo kamar auduga. Wannan layin x da y da malamin lissafi ya yi ta fama da mu a kai a aji huɗu na sakandare, muna hamma, sai da na zo haɗa gem na gane amfaninsa, na koma na nemo tsohon littafina da ƙafata. Super Mario Bros. na 1985 gaba ɗayansa, da kiɗansa da dodanninsa da duniyoyinsa takwas, kilobayit 40 ne kacal. Hoto ɗaya da kake ɗauka da wayarka yau ya ninka shi sau hamsin ko fiye. Saboda ƙarancin wuri, gajimaren da ke sama da ciyawar da ke ƙasa zane ɗaya ne, launi kawai aka sauya. Ɗan kasuwar da ya san yadda ake juya ƙaramin jari ya kamata ya fi kowa jinjina wa wannan dabara. Shi kuma Shigeru Miyamoto da ya jagoranci aikin, ɗan wani ƙaramin gari ne mai suna Sonobe, yawon daji da leƙa kogo da ya yi yana yaro su ya mayar wasan Zelda a 1986. Da a unguwarmu ya tashi, da tuni an ce aljanu sun shafe shi.

Gem na farko da na kammala dara ce, darar gida talatin, wadda tsofaffi ke yi a ƙasa da tsinke da tsakuwa, kowa da 'ya'ya goma sha biyu. Na zaɓe ta ne don ba ta bukatar zane mai yawa. Ashe wahalar tana wani wurin. Na'ura ba ta san "ai ka gane" ba, sai ka faɗa mata komai filla-filla. Lokacin zuba 'ya'ya an yarda mutum ya jera uku? In huɗu suka jeru a layi ɗaya, ci ne ko ba ci ba? In mutum ya ci, zai iya ɗauke ɗan da ke cikin jerin abokin karawarsa? Sai da na yi makonni ina zama wurin masu dara da yamma ina tambaya, nan na tarar su kansu ba su haɗu a kan ƙa'ida ɗaya ba: Bakatsine da tasa, wanda ya zauna a Nijar da tasa, kowa kuma yana rantsuwa tasa ce ta asali. A ƙarshe na sa wurin zaɓi, kowa ya ɗauki ƙa'idar garinsu. Sannan na koya wa wayar yin wasa da kanta: ta gwada duk motsin da za ta iya, ta hango amsar da abokin karawa zai bayar, ta sake hango tata amsar, har taki huɗu gaba, ta zaɓi wanda ya fi mata riba. Wani dattijo cikin masu yi mini faɗa, wanda ya shekara arba'in yana dara, ya karɓi wayar don ya nuna mini iyakata. Ta cinye shi sau biyu a jere. Ya ce ai wayar maguɗi take yi. A karo na uku ya cinye ta, ya miƙo mini yana murmushi ya ce, "Yaro, je ka ƙara mata karatu." Har yau in mun haɗu sai ya tambaye ni ko ɗalibar tawa ta ƙara ilimi. Amma in aka zo majalisa ana zancen yaran zamani, da shi ake cewa shirme.

To bari in zo kan hujjojinsu, don ba duka ne na banza ba. Suna cewa gem yana cinye lokaci, yana hana sallah da karatu. Gaskiya ne yana iya yi, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya jarabar buga gem cikin jerin cututtuka a 2019. Suna cewa ƙofar caca ce. Nan ma akwai ƙamshin gaskiya, domin wasu manyan wasannin waya an gina su ne a kan ka biya kuɗi a buɗe maka akwatin da ba ka san abin da ke ciki ba, abin da ƙasar Beljiyam ta yanke a 2018 cewa caca ne. Ni ba malami ba ne, amma abin da muka koya a Islamiyya shi ne duk abin da ya shagaltar da kai daga farilla, ko aka sa kuɗi a kan sa'a, a guje shi. Ban yi musu a kan wannan ba. Abin da nake musu a kai shi ne haɗa mai ƙera abu da mai maye da shi a kwando ɗaya. Kuma in da gaske cacar ce ke damunmu, ai ba a ɓoye take ba. Shagunan cacar ƙwallo suna nan a bakin titi, yaranmu na shiga da kuɗin cinikin iyayensu suna fitowa da 'yar takarda a hannu, wasu ma a waya suke yi a cikin shagon uban nasu. Wannan ba a cika ɗaga murya a kansa ba, don mai yi yana sa kaya masu kyau, wani lokaci ya ci ya yi wa abokai shayi. Wanda ya kulle kansa a ɗaki yana koyon rubuta umarnin kwamfuta, shi ake nunawa da baki. In ma ba a ce shirme ba sai a ce ɗan Yahoo ne, don a tunaninmu babu abin da saurayi zai yi da kwamfuta cikin dare sai damfara. Masu damuwa da hoton mai rai ko kiɗa kuma, ga dara nan babu ko ɗaya a cikinta, haka Tetris da wani Barashe, Alexey Pajitnov, ya haɗa a Mosko a tsakiyar shekarun 1980, bulo ne kawai ke faɗowa. Wanda ya iya ƙerawa shi ke da ikon zaɓar abin da zai sa da abin da zai bari. Mai saye kuwa sai abin da aka ba shi.

Babbar hujjarsu ita ce ta kuɗi: nawa ka samu? Wannan tambayar 'yan kasuwa ce, kuma ina girmama ta. Amsa ita ce, daga gem kansa abin da na samu bai taka kara ya karya ba, kuma mafi yawan masu haɗa gem su kaɗai a duniya haka suke. Ana ba da labarin Eric Barone na Amurka, wanda ya shafe sama da shekara huɗu shi kaɗai yana haɗa wasan noma mai suna Stardew Valley, yana aikin nuna wa mutane kujera a gidan kallo don ya ci abinci, wasan ya fito a 2016 ya sayar da kwafi sama da miliyan 40. Ana ba da labarin Dong Nguyen na Biyetnam da Flappy Bird. Irin waɗannan ɗaya ne cikin dubbai, kuma duk wanda ya shiga harkar don ya zama su, gara ya je ya sari citta. Sai dai abin da hannu ya koya a hanya ba ya tsayawa a kan gem. Ilimin da na haɗa dara da shi, da shi na rubuta 'yar manhajar da muke rubuta bashi da kayan da suka shigo a shagonmu, wadda yanzu wasu maƙwabta ma suke amfani da ita. Wannan kam ba a ce mata shirme ba, alhali uwa ɗaya ta haife su.

Kuma mu dubi inda muke zaune da idon basira. Me ya tara kakanninmu a Kafanchan? Jirgin ƙasa. A wajajen 1927 garin ya zama mahaɗa, inda layin da ya taso daga Fatakwal ya bi ta Inugu da Makurɗi yake rabuwa, ɗaya ya nufi Kaduna, ɗaya ya hau Jos, daga baya ma aka ja shi har Maiduguri. Mutane suka zo daga ko'ina, ciniki ya buɗe. Yau je ka tashar ka gani da idonka, ciyawa da tsofaffin taragai. Kasuwa kuma mun ga yadda dare ɗaya ke mayar da jarin shekara talatin toka. Citta da muke taƙama da ita, cutar da ta faɗa mata a daminar 2023 ta durƙusar da manoma da masu saye gaba ɗaya, daga Kachia har Jaba. Duk abin da muka dogara da shi abu ne da wuta ko cuta ko rikici ke iya ɗaukewa. Ga kuma maganar da kowa ya sani ba a son faɗa: da yawa cikinmu in aka zo neman gurbin karatu ko aikin gwamnati ko tallafi, takardar shaidar asali ce ke tare mu. A nan a ce mu baƙi ne, a garin da kaka ya baro kuma a ce ba a san mu ba. To ni dai ban ga inda Play Store ya tambaye ni ƙaramar hukumata ta asali ba. Dala 25 ake biya sau ɗaya a yi rajista, a tantance kai wane ne, shi ke nan. Wanda zai sauke wasanka a Kumasi ko Yamai ko Jidda bai damu da ko kakanka a ina aka binne cibiyarsa ba. Al'ummar da ke zaune a irin matsayinmu ita ta fi kowa bukatar sana'ar da ake ɗauka a ka a gudu da ita, amma mu ne kan gaba wajen kashe wa yara gwiwa.

Akwai kuma abin da ya fi kuɗi ci mini rai. Mu muna nan muna gardamar ko gem shirme ne, wasu can sun riga sun sa mu a cikin nasu. A 2021 wasan Age of Empires III na kamfanin Microsoft ya ƙara Hausawa cikin al'ummun da ake yaƙi da su, da Kano a matsayin babban birni, da Sarauniya Amina, da mahaya masu lifidi. A 2025 wasan Civilization VII ya fito da Amina ta Zazzau cikin shugabannin da mutum zai zaɓa. Miliyoyin yara a duniya ta nan za su fara jin sunan Hausa, kuma abin da aka nuna musu shi za su ɗauka. A nan gida ma, kamfanin Maliyo Games na Legas, wanda Hugo Obi ya kafa a 2012, yana da wasa mai suna Aboki Run. Ban ce sun yi da mugun nufi ba, hasali ma sun yi ƙoƙarin da mu ba mu yi ba. Amma duk wanda ya zauna a kudu, ko ma nan kusa, ya san nauyin da kalmar "aboki" take ɗauka in ta fito daga wani bakin. Wasu ke ba da labarinmu, da muryarsu, mu kuma muna sayar da data ana saukewa. Rubuta sunan Kafanchan a intanet ka ga abin da zai fara fitowa: 1987, 1999, 2011, dokar hana fita. Kamar ba a taɓa yin dariya a garin ba. Shi ya sa gem na biyu da nake kai yanzu a tashar jirgin nan na kafa shi, a zamanin da take tashe. Kai ne mai juya layi, jirage na tahowa daga Kaduna da Jos da Inugu, dole ka ba kowanne hanyarsa kafin su yi karo, ga 'yan dako na loda citta, ga masu tallan rake da ƙosai a bakin taga, ana ciniki da Hausa da Turancin buroka. Zanen wani abokina ne yake yi, ɗan Kagoro, wanda muka san juna tun a bencin gidan gem. Kakansa ma'aikacin reluwe ne, shi ya ba mu labarin yadda ake ba jirgi hannu da fitila cikin dare.

Kada wani ya ce ai wannan sai Turawa masu wutar lantarki. A Yawunde ta Kamaru, Olivier Madiba da abokansa na Kiro'o Games sun sha fama da ɗaukewar wuta irin tamu, amma a 2016 suka fitar da Aurion, aka saye shi a ƙasashen duniya. A Gana da Kenya akwai Leti Arts tun 2009. Mu kanmu mun taɓa ganin irin wannan a gida. Lokacin da 'yan ƙungiyar Tumbin Giwa suka yi Turmin Danya a Kano a 1990, da kyamarar bidiyo irin ta ɗaukar biki, wa ya ɗauka abin zai zama masana'antar da dubban mutane ke ci a cikinta? Marubuta littattafan soyayya ma da raini aka tarbe su, aka laƙaba musu adabin kasuwar Kano. Kowane karo sai mun gama zagin abu, ya girma ba da taimakonmu ba, sannan mu dawo muna kukan cewa ba a yi shi bisa tarbiyyarmu ba. To wa ya hana mu shiga tun yana ɗanye?

Ku kuma samari 'yan'uwana, kada ku ji ina faɗa da manya ku ɗauka na wanke ku. Rabin abin da ake faɗa a kanmu ku kuka jawo. Mutum ya wuni yana buga ƙwallo a gidan gem tun hantsi har magariba, ya san sunan 'yan wasan Real Madrid har da na benci, amma bai taɓa tambayar kansa yadda aka yi ƙwallon ke gangarawa a allo ba. In ka ce ya zo ya koya sai ya ce ba shi da kwamfuta, alhali wayar da ke hannunsa ta fi tsohuwar kwamfutar da nake aiki da ita tsada. Manhajar da nake amfani da ita, Godot, kyauta ce, wasu 'yan Ajantina biyu ne, Juan Linietsky da Ariel Manzur, suka fara ta, suka sake ta ga duniya a 2014. Ba ta da nauyi, ba a biyan ko sisi, ba ta neman kaso cikin abin da ka samu, kuma akwai wadda ke aiki a kan wayar Android. Ƙananan yara kuma akwai Scratch, inda ake jera umarni kamar ana jera bulo. Turancin da ake bukata bai wuce na sakandare ba, ni shaida ne. Datar da ake ƙonawa a kallon rawa a TikTok cikin mako guda ta isa a sauke darussan wata ɗaya. Abin da ke da wuya shi ne zama: ka kwana uku kana neman dalilin da ya sa ɗan wasanka ke nutsewa cikin ƙasa, ka gano ashe alamar ragi ka sa a wurin ta tarawa. Wanda ba zai jure wannan ba ya daina cewa manya ne suka hana shi.

Iyayenmu kuma, ba cewa na yi ku saya wa kowane yaro kwamfuta ba, na san halin da ake ciki. Amma yadda kuke ɗaukar yaro ku kai shi wurin tela ko bakanike ku ce ga amana, ku ba shi shekara uku ba ku tambaye shi riba ba, wannan ma ku ba shi irin wannan haƙurin. In kun ga ya daɗe a gaban allo, ku matsa ku ce ya nuna muku abin da ya ƙera. In babu abin nunawa wata da watanni, to ku yi faɗanku, ina bayanku. In kuwa akwai, ko da akwati ne ke tsalle a kan layi, ku bar shi ya sa caji a sola ɗin shago. Ƙungiyoyinmu na 'yan kasuwa da na matasa da ke tara kuɗi don gasar ƙwallon sallah da kofi da riguna, kuɗin shekara ɗaya ya isa a sayi kwamfutoci na hannu guda uku a ajiye a aji ɗaya na Islamiyya, yara maza da mata su riƙa zuwa ranar Alhamis da Juma'a da ba a karatu. Ni zan koyar da abin da na sani ba tare da an biya ni ba.

Wasan tashar jirgin kuma ya kusa kai inda za a gwada shi. Ƙa'idar Google ga sabon mai rajista ita ce sai mutum 12 sun riƙe manhaja a wayoyinsu suna gwadawa kwana 14 a jere kafin a yarda ta fita kasuwa. Ina da bakwai, huɗu daga cikinsu ba Hausawa ba ne. Saura biyar, kuma na fi son a samu dattijai a ciki, waɗanda suka hau jirgin nan da ƙafarsu, don su faɗa mini inda na sa abu ba a wurinsa ba. Wanda ya san shagonmu ya san inda zai same ni bayan la'asar.